Jijiyar gani ba ta jiran a ɗage kulle: yadda korona ta taɓa masu lalurar ido mai tushe a ƙwaƙwalwa

Ɗaya daga cikin likitocin farko da suka ankarar da abokan aikinsu game da baƙuwar cutar da ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin, likitan ido ne. Sunansa Li Wenliang. A ranar 30 ga Disamban 2019 ya aika wa tsofaffin abokan karatunsa saƙo ta waya cewa su yi hattara, 'yan sanda suka kira shi suka ja masa kunne kan yaɗa jita-jita, ya koma bakin aikinsa. Bayan 'yan kwanaki ya kamu da cutar, kuma shi da kansa ya ce yana zaton ya ɗauke ta ne daga wata majinyaciya mai hawan jinin ido da ya duba. Ya rasu ranar 7 ga Fabrairun 2020.

Likitocin ido a faɗin duniya ba su buƙaci a fassara musu wannan mutuwa ba, domin sun san aikinsu na kusanci ne. Idan likita zai leƙa cikin ido da 'yar tocilan ɗin da yake riƙewa a hannu, sai goshinsa ya kusa taɓa na majinyaci. Idan kuma a kan na'urar duba ido mai fitila ne, tazarar da ke tsakanin hancinsu ba ta kai kamu ɗaya ba, numfashin wannan yana dukan fuskar wancan. Ranar 18 ga Maris 2020 babbar ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta shawarci mambobinta su dakatar da duk wani aiki in ba na gaggawa ba, asibitoci a ƙasashe da dama kuma suka bi irin wannan hanya. Shawarar tana da hujja. Mai yanar ido zai iya haƙurin wata uku ko huɗu, ranar da aka yi masa aiki ganinsa ya dawo kamar da an yi tun farko. Mai neman canjin tabarau ma haka.

Sai dai akwai rukunin majinyata da wannan rabo na "gaggawa" da "wanda zai iya jira" bai zo musu daidai ba. Su ne waɗanda ƙwayar idonsu lafiyarta lau, matsalar tana cikin jijiyar da ke kai hoto ƙwaƙwalwa, ko cikin jijiyoyin da ke juya idon, ko a cikin ƙwaƙwalwar kanta. Ciwonsu ba ya sa ido ja, ba ya sa shi ruwa, sau da yawa ma ba ya zafi. Ga mai tantance mutane a ƙofar asibiti da ma'aunin zafin jiki a hannu, irin wannan majinyaci ba shi da alamar gaggawa ko ɗaya. A wajen ƙwararren da ya san fannin kuwa, shi ne wanda ake lissafa wa lokaci da kwanaki, wani lokaci da sa'o'i.

Jijiyar da ba ta tohuwa

Ido hoto kawai yake ɗauka. Daga bayan kowane ido akwai jijiyar da kaurinta bai kai na fensir ba, amma tana ƙunshe da zare sama da miliyan ɗaya. Jijiyoyin biyu suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kimanin rabin zaren kowacce ya tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren, sannan su zarce har ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da aka gani. Duk abin da ya danne wannan hanya, ko ya kumbura ta, ko ya hana ta jini, ko ya sa mata guba, zai rage gani ko da idon yana nan garau. Kuma zaren da ya mutu ya mutu ke nan. Fata tana warkewa, ƙashi yana ɗoruwa, amma har yau likitanci bai gano yadda zai tayar da mataccen zaren jijiyar gani a jikin ɗan Adam ba. Abin da likita ke iyawa shi ne ceto wanda ya galabaita bai kai ga mutuwa ba, da kare sauran.

Wannan ne ya sa fannin ya bambanta da sauran aikin ido. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kimanin kashi 4 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba a dalilai, hawan jinin ido na biye da ita. Bisa wannan aka gina yawancin shirye-shiryen ido a ƙasar nan: sansanin aikin yanar ido kyauta, rabon tabarau, rabon magani a karkara. Tsari ne mai amfani, amma majinyacin jijiya ba ya cikin lissafinsa. Shi ba a gama da shi a zama ɗaya. Yana buƙatar likitan ido ya leƙa kan jijiyar, a auna masa faɗin gani a na'ura, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da na'urar MRI, wani lokaci a ɗebi ruwan laka daga bayansa a auna ƙarfinsa, sannan ya ga likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ko likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. (Likitan jijiyoyi daban, likitan taɓin hankali daban, ko da yake a bakin jama'a duk "likitan ƙwaƙwalwa" ake ce musu, kuma wannan ruɗani kaɗai ya hana mutane da dama zuwa inda aka tura su.) Sarƙa ce mai gaɓoɓi biyar ko shida, a ɗakuna daban-daban, sau da yawa a asibitoci daban-daban, wani lokaci a garuruwa daban-daban. Annoba ba sai ta tsinka duka ba. Gaɓa ɗaya ta isa.

Makon da Abuja ta tsaya

A babban birnin tarayya al'amura sun zo a jere cikin mako guda. Ranar 23 ga Maris aka rufe filayen jiragen sama na Abuja da Legas ga jiragen ƙasashen waje. Washegari ma'aikatan tarayya daga matakin albashi na 12 zuwa ƙasa suka fara zaman gida bisa umarnin Shugabar Ma'aikata, Dakta Folasade Yemi-Esan. Ranar 29 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da kulle Abuja da Legas da Ogun, dokar ta fara aiki a Abuja da ƙarfe 11 na daren 30 ga wata, ba a sassauta ta ba sai 4 ga Mayu. Hanin zirga-zirga tsakanin jihohi kuwa bai kau ba sai 1 ga Yuli.

Dokar ba ta rufe asibitoci ba, ta ma ambace su a fili cikin wuraren da ba ta shafa ba. Amma buɗewar asibiti ba ita ce buɗewar hanyar zuwa asibiti ba. Dubban ma'aikatan tarayya a Mararaba da Masaka suke kwana, cikin Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla cikin Jihar Neja. Motocin haya sun ɗauke, shingayen jami'an tsaro sun cika hanya, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce cikin makonni biyun farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a wajen tabbatar da dokar kulle a sassan ƙasar. Wanda ya ji wannan labari ba zai fita da ciwon kai da dishi-dishin gani ya tsaya yi wa mai bindiga bayani ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ya zama babbar cibiyar killace masu korona, sunansa kaɗai ya isa ya sa mutum ya ja da baya. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana Kaduna, jihar da ta kafa nata kulle mai tsanani tun ƙarshen Maris. Manyan da suka saba ɗaukar irin wannan lalura zuwa Indiya ko Masar ko Ingila, su ma ƙofa ta rufe musu har 5 ga Satumba, ranar da aka dawo da jiragen ƙasashen waje.

Mu ƙaddara wata ma'aikaciya ce a matakin albashi na 9, mai shekara 32, tana zaune a Mararaba. Zaman gida ya sa ta ƙara nauyi, kamar yadda ya sa mutane da dama. Cikin Afrilu ta fara fama da ciwon kai wanda ya fi tsanani da asuba. Tana jin wani ƙara a kunne mai tafiya daidai da bugun zuciyarta. Idan ta sunkuya ta ɗago, sai ganinta ya ɗauke na 'yan daƙiƙu ya dawo. Za ta ce gajiyar kallon waya ce, ko zazzaɓin cizon sauro, ta aika kemis a sayo mata maganin ciwon kai. Waɗannan alamu uku a tare, a jikin mace mai shekarun haihuwa da ta ƙara ƙiba, su ne sanannun alamun hauhawar matsin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ba tare da ƙari ba. Matsin yana bin kuben jijiyar gani har bayan ido, ya kumbura kanta, ya riƙa cin gani daga gefe-gefe zuwa tsakiya.

Mugun halin wannan ciwo shi ne yana barin tsakiyar gani har zuwa ƙarshe. Matar za ta iya karanta saƙon waya, ta iya karanta ƙananan haruffan allon gwajin ido, alhali rabin faɗin ganinta ya tafi. Hanya biyu ce ke tona shi da wuri: a leƙa bayan idon, a kuma auna faɗin gani. Su ne kuwa ainihin gwaje-gwajen da annobar ta fi sa wa tarnaƙi. Na farko yana buƙatar fuska da fuska. Na biyu kuma majinyaci yakan sa haɓarsa ne a bakin wata na'ura mai kamar babbar ƙwarya da aka jingine, ya yi ta numfashi a cikinta na tsawon mintoci yana danna maɓalli duk sa'ad da ya ga ɗigon haske. Cikin ƙwaryar ba ya jure goga da kowane irin sinadari, don haka asibitoci da yawa a duniya suka dakatar da gwajin ko suka rage shi ƙwarai. Inda aka ci gaba da shi an gamu da wata sabuwar matsala: tururin da ke fita ta saman takunkumi yana rufe gilashi, ko bakin takunkumin ya tare ƙasan ido, sakamako ya fito da naƙasar da babu ita.

Idan an gano ciwon matar nan a Afrilu, ƙwayar magani mai suna asitazolamaid da rage nauyi sukan wadatar a mafi yawan lokuta. Idan sai Agusta ta isa gaban wanda zai leƙa idon, mai yiwuwa kumburin ya riga ya sauka da kansa, ba don sauƙi ya samu ba, sai don zaren da zai kumbura ya ƙare.

Irin wannan lissafi ne ga mai ƙari a 'yar halittar nan mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira fituwitari. Tana zaune daidai ƙarƙashin mahaɗar jijiyoyin gani, don haka idan ta girma sai ta danne zaren da ke tsallakawa, mutum ya rasa ganin gefen waje a ido biyu, ya fara goge madubin motarsa a jikin gini ko bangazar mutane a kasuwa. Yawancin irin wannan ƙari ba kansa ba ne, shi ya sa a takarda yake faɗawa cikin aikin da "zai iya jira". Ƙari kuma, ta hanci ake shiga a cire shi, kuma a farkon annobar likitocin tiyata sun ɗauki aiki ta hanci a matsayin ɗaya daga cikin mafi haɗari gare su, domin nan ne matattarar ƙwayar cutar. Aka ɗage irin waɗannan ayyuka a wurare da dama. Jijiyar da aka ɗauke wa nauyi da wuri takan farfaɗo, wani lokaci cikin kwanaki. Wadda ta daɗe a danne ba ta farfaɗowa.

Maganin da ke rage garkuwa a lokacin da ake neman garkuwa

Wata tsaka-mai-wuyar ta shafi masu kumburin jijiyar gani, inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa jijiyar. Mutum yakan tashi da dusashewar gani a ido ɗaya, da zafi idan ya juya idon, jan launi kuma ya koɗe masa. Maganin farko shi ne sitiroyid mai ƙarfi ta jijiyar jini na kwana uku zuwa biyar. A irin kumburin da ya fi yawa a Turai, wannan magani hanzarta warkewa kawai yake yi. Amma akwai wani nau'i mai tsanani wanda ke haɗa jijiyar gani da lakar baya, wanda masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gano alamarsa a jini a 2004, kuma ya fi yawa a tsakanin baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. A wannan nau'in, jinkirin 'yan kwanaki na iya zama bambancin gani da makanta, kuma majinyaci yana buƙatar maganin danne garkuwa na tsawon shekaru don kada ciwon ya dawo.

A watannin farko na annobar, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a riƙa bai wa masu korona sitiroyid haka kawai. Likita da majinyaci suka shiga zullumi: a danne garkuwa a ceci ido a buɗe wa korona ƙofa, ko a dakata a yi asarar ido? Wasu majinyata sun daina shan magungunansu da kansu saboda tsoro. Sai a tsakiyar Yunin 2020 wani babban gwaji a Birtaniya ya nuna cewa sitiroyid mai suna deksametason yana ma rage mace-mace a tsakanin masu koronar da ke buƙatar iskar oksijin. Hankula suka ɗan kwanta, kuma ra'ayin ƙwararru ya tsaya a kan cewa barin maganin ya fi ci gaba da shi haɗari. A ganina wannan yana cikin asarar da ta fi ciwo, domin ba rashin magani ko rashin kuɗi ya jawo ta ba, rashin wanda zai ɗaga waya ne ya ce wa majinyaci kada ya daina.

A nan gida an ƙara da wani nauyi. Ranar 15 ga Yunin 2020 likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki kan ƙarancin kayan kariya da alawus ɗin haɗari, wanda kafin annobar naira 5,000 ne a wata. A 2021 suka sake wani, daga farkon Agusta har farkon Oktoba. Duk wanda ya san asibitin koyarwa ya san su ne ke fara ganin majinyaci, su ne ke ɗibar ruwan laka, su ne ke bin sakamakon hoto.

Abin da cutar da maganin jita-jita suka yi wa jijiya

Ita kanta korona ba ta bar wannan fanni ba. Likitoci a ƙasashe daban-daban sun ba da rahoton majinyatan da suka fara gani biyu-biyu bayan sun kamu, saboda shanyewar ɗaya daga cikin jijiyoyi ukun da ke juya ido, da waɗanda jijiyar ganinsu ta kumbura, da waɗanda gudan jini ya toshe musu hanyar jini a ƙeya suka rasa rabin gani a ido biyu. Ba su da yawa idan aka kwatanta da adadin waɗanda suka kamu, amma sun zo ne a lokacin da ɗakin da ya kamata ya karɓe su yake aiki rabi-rabi.

Ɓarnar da ta fi yawa daga gefe ta zo. A Iran, jita-jitar cewa barasa tana kashe ƙwayar cutar ta sa mutane suka sha wadda aka gurɓata da sinadarin metanol, hukumomin ƙasar suka ce fiye da 700 sun mutu tsakanin Fabrairu da Afrilun 2020, wasu da suka tsira kuma suka makance, domin metanol guba ce da ke nufar jijiyar gani kai tsaye. Najeriya ta san wannan guba tun 2015, lokacin da ogogoro ya kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas. A Indiya kuma, cikin 2021, fiye da mutum 40,000 suka kamu da wata cutar funfuna mai shiga ta hanci ta ratsa kwarmin ido ta nufi ƙwaƙwalwa, mafi yawansu masu ciwon suga da aka bai wa sitiroyid a jinyar korona. An ƙwaƙule wa da dama ido don a ceci ransu. Maganin da aka ji tsoronsa a 2020, shi aka yi wa amfani fiye da kima a 2021.

Akwai kuma ɓarna mai shiru wadda ta fi kusa da mu. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da tarin fuka, kuma ɗaya daga cikin magunguna huɗun da ake fara jinya da su, etambutol, yana iya lahanta jijiyar gani, musamman ga mai ciwon ƙoda. Alamar farko ita ce ja da kore su fara rikicewa, gani ya dusashe a ido biyu a tare. Idan an tsayar da maganin da wuri, gani yakan dawo ga mutane da yawa. A lokacin kulle an ƙarfafa bai wa majinyata maganin da zai daɗe musu a gida don rage zirga-zirga, kuma dabara ce mai kyau ga tarin. Amma duk zuwan da aka rage, dama ce ta ragu ta wani ma'aikacin lafiya ya tambayi majinyaci yadda ganinsa yake. Haka kuma ranar 1 ga Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a dakatar da rabon magani gida-gida na cututtukan da aka yi sakaci da su, ciki har da Mectizan na makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. A Jihar Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka nuna, a binciken da suka wallafa a 1993, cewa shan wannan magani duk shekara yana rage lalacewar jijiyar gani.

Waya ta taimaka, amma ba ta ganin bayan ido

A Amurka da Turai fannin ya koma duba majinyata ta bidiyo cikin 'yan makonni, kuma ya fi sauran fannonin ido dacewa da hakan, domin babban kason aikinsa tambaya ce da sauraro. Yaushe abin ya fara? Ido ɗaya ne ko biyu? Idan ka rufe ɗaya, gani biyu-biyun yana ɓacewa? Ta bidiyo likita zai ga fatar ido da ta sauko, ya ga idon da ya ƙi juyawa, ya yanke hukuncin wanda zai zo yau da wanda zai jira. A nan ma likitoci da yawa sun yi irin wannan ta WhatsApp, ba tare da wani tsari ko biya ba. Abin da waya ba ta iyawa shi ne ganin kan jijiyar.

Maganin wannan giɓi ya girmi annobar. Akwai kyamarar da ke ɗaukar hoton bayan ido ba tare da an ɗiga maganin buɗe ido ba, ma'aikacin jinya zai iya koyon sarrafa ta cikin ɗan lokaci, kuma ba sai ya kai fuskarsa jikin ta majinyaci ba. Wani bincike da aka yi a sashen gaggawa na asibitin Jami'ar Emory da ke Atlanta, aka wallafa a 2011, ya gano cewa cikin majinyata 350 da ya dace a leƙa bayan idonsu, kashi 14 cikin ɗari kawai likitocin gaggawa suka leƙa, alhali kyamarar ta kama abubuwan da suka wuce su. A Amurka ke nan, kuma ba a lokacin annoba ba. A Afrilun 2020, ana tsakiyar kulle, wata tawaga ƙarƙashin jagorancin masu bincike a Singafo ta wallafa cewa manhajar kwamfuta da aka horar da hotuna fiye da 14,000 tana iya bambance kumburarren kan jijiya da lafiyayye da daidaito mai yawa. Ko babu manhajar, hoton da aka ɗauka a Keffi ko Lokoja zai iya isa wayar ƙwararre a Abuja ko Kaduna cikin minti ɗaya. Kyamarar ba ta da arha, amma kuɗin na'urar MRI guda zai sayi da yawa daga cikinta, kuma ita ce ke nuna wa ya kamata a fara sa wa a layin MRI ɗin.

Batun rigakafi ma ya ratso ta wannan ɗaki. Najeriya ta karɓi kusan allurai miliyan huɗu na AstraZeneca ranar 2 ga Maris 2021, a daidai lokacin da aka fara samun rahotanni daga Turai na daskarewar jini a manyan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa bayan allurar. Abin ya tabbata, amma a tsakanin mutane ƙalilan ƙwarai, kuma ita kanta cutar ta fi allurar jawo daskarewar jini. Daga 1 ga Disamban 2021 aka wajabta wa ma'aikatan tarayya nuna shaidar rigakafi ko sakamakon gwaji kafin shiga ofis. Alamar wannan matsala da ba kasafai ake samunta ba ita ce ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka bayan kwanaki da yin allurar, da dusashewar gani, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin farko na gane ta shi ne dai a leƙa bayan ido.

Ga masu rubuta takardar umarni ta gaba

Mafi yawan masu karanta wannan shafi sun san yadda ake haifar takardar umarni: wani mataimaki ne ke zama ya rubuta daftari cikin dare, shugaba ya sa hannu da safe. Ebola ta zo Legas a 2014, zazzaɓin Lassa yana dawowa duk rani, mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023, don haka za a sake rubuta irin takardar Maris 2020. Kalmar "gaggawa" a cikinta tana buƙatar fassara da sunayen alamu, domin ɗan sandan da ke shinge da ma'aikacin da ke ƙofa ba za su fassara ta da kansu ba. Ɗaukewar gani farat ɗaya, ko da ya dawo bayan mintoci, gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne. Sabon gani biyu-biyu tare da saukowar fatar ido da ciwon kai, musamman idan tsakiyar baƙin idon ya buɗe fiye da na ɗayan, yana iya zama kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa da ke gab da fashewa. Irin wannan ne jama'a suka fi dangantawa da iska ko jifa, a ɓata mako a kai. Ciwon kai mai tafe da ɗaukewar gani idan an sunkuya, da dusashewar gani ga mai shan maganin tarin fuka, duk na ganin likita ne cikin kwana ɗaya ko biyu.

Sai batun inshora, wanda ya shafi aljihun kowane ma'aikaci. A tsarin inshorar lafiya na tarayya, wanda dokar Mayun 2022 ta sake wa fasali, ma'aikaci ba ya zuwa wajen ƙwararre kai tsaye. Sai asibitinsa na farko ya tura shi, kamfanin da ke kula da inshorarsa ya ba da lambar amincewa, kuma kowace sabuwar gaɓa, daga na'urar faɗin gani zuwa hoton MRI, tana iya buƙatar tata lambar. A lokacin lafiya ma wannan yana iya jawo jinkiri. A lokacin da ofisoshi ke aiki da rabin ma'aikata, jinkirin yakan ƙara tsawo. Babu abin da zai hana a rubuta tun yanzu cewa ga waɗannan alamu ƙalilan, a fara duba mutum, lamba ta biyo baya.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar lamba ko mota: mutum ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya dubi fuskar wani ko wani abu ja, sannan ya canza. Ƙwaƙwalwa tana cike giɓin ido mai rauni da hoton mai lafiya, shi ya sa mutane da yawa ba sa sanin ido ɗaya ya tafi sai ranar da ƙura ta shiga ɗayan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin gaggawa na korona ranar 5 ga Mayun 2023. Alƙaluman da hukumar NCDC ta riƙa fitarwa kowane dare a wancan lokaci na waɗanda suka kamu ne, da waɗanda aka sallama, da waɗanda suka rasu. Babu layin waɗanda suka makara zuwa wajen likitan ido. Idan irinsu suka zo yanzu, abin da likita ke gani a bayan idon shi ne kan jijiya da ya yi fari fat maimakon launin ruwan hoda. Yakan nemi hoton ƙwaƙwalwa don ya tabbatar babu abin da ke ci gaba da dannewa, ya auna faɗin ganin da ya saura, sannan hira ta koma kan ko majinyaci zai ci gaba da tuƙi, da irin takardar da zai kai wa ofishinsa don a sauya masa tebur.